Baƙo da murhun mai gida

A Landan akwai mutanen da tsadar haya ta kora daga tudu, suka koma zama kan ruwa. Bi bakin Regent's Canal ta wajen King's Cross, za ka ga jiragensu a jere, dogaye, faɗinsu kamar mita 2. Wanda ba shi da wurin ɗaurewa na dindindin, ƙa'ida ita ce kada ya wuce kwana 14 a wuri ɗaya. Da sanyi, wasunsu murhun dizal ne gatansu: man yana ɗiga kaɗan-kaɗan cikin wani ɗan kasko yana ci, ɗaki ya yi ɗumi, a ɗora tukunya a kai, hayaƙi ya bi bututu ya fita ta rufi.

To ka ɗauka abokin aikinka a irin wannan jirgin yake zaune, ya kira ka shan shayi. Ka shiga, sai ka ga harshen wutar ruwan ɗorawa ne maimakon shuɗi, gilashin murhun ya yi baƙi ƙirin, an kuma cusa tsumma a kafar iskar da ke jikin ƙofa. Za ka yi magana?

Tarbiyyarmu ta ce ka yi kara. Baƙo ko da ido makaho ne, ba a shiga gidan mutum a sha shayinsa sannan a fara lissafa masa aibu. Turawan ma nasu shirun ke nan: gidansa ne, zaɓinsa ne. Kuma wannan kawaicin ba shirme ba ne. Mutumin ba jahilci ya sa shi cusa tsumman ba, sanyi ne. Wanda rashi ya kai kan ruwa ya gaji da shawarar masu gida a tudu, ɗan mutuncin da ya rage masa shi ne a bar shi ya tafiyar da ɗakinsa.

Amma girmama zaɓin mutum yana tsayuwa ne a kan cewa hankalin da zai yi zaɓin yana nan. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Farko ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mutum ya ce mura ce. Sai kasala, sai tunani ya dushe, sai barci. Wato abin da za ka ce "ya san abin da yake yi" da shi, shi take fara ɗauka. Mu nas-nas mun san ko 'yar na'urar da muke maƙala wa mara lafiya a yatsa tana ruɗuwa, ta nuna oksijin lafiya lau alhali jinin ya cika da guba. Ita ce dai gubar kaskon gawayi a rufaffen ɗaki da hunturu, wadda muka sani tun a gida.

Saboda haka a cikin jirgin nan, kai da ka shigo yanzu daga waje, mai yiwuwa kai kaɗai ne kanka yake garau. Makahon ya zama mai ido. Ni a ganina kara ba ta da hurumi a nan. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ka ce masa, "Ɗan'uwa, wutar nan ba ta ci daidai." Ka tambayi ƙararrawar gargaɗi, wadda tun Afrilun 2019 aka wajabta ta a irin waɗannan jiragen, ka danna ka ji ko tana da batir. Idan yana kukan ciwon kai, a kashe murhun, ku fita waje, a nemi asibiti. Ko ya ji haushi, ya ji.

Sai dai fa kai za ka koma gidanka mai hita, shi zai kwana da kafar iska a buɗe, sanyin Janairu na shigowa ta kan ruwa. Maganarka ta ƙara masa lafiya, ta rage masa ɗumi. Idan za ka irin wannan ziyarar, ka riƙa bargo da batir.