A Jikin Wa Ake Koyon Sabon Aiki?

A 1985 likitan fiɗa Erich Mühe ya cire matsarmama a garin Böblingen na Jamus ba tare da ya tsaga ciki baki ɗaya ba. Cikin 'yan shekaru tiyatar ƙananan huji ta kori tsohuwar hanya, domin ribar majinyaci a fili take: zafi kaɗan, ɗan tabo, sallama bayan kwana ɗaya ko biyu. Yau kuma ga na'urar da Vinci, wadda hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a shekara ta 2000. Likita yana zaune a gefe, ya cusa goshi a madubin na'ura, yana juya hannuwan mutum-mutumi da yatsunsa. Hujin da ke cikin majinyaci dai irin na da ne. Abin da nake gani shi ne, a aikin matsarmama, sabon abu ne ya kamata ya kawo hujja, kuma har yanzu hujjarsa ba ta cika ba.

A 2023 mujallar JAMA Surgery ta buga binciken da ya duba majinyata sama da miliyan 1 a shirin inshorar lafiya na Medicare a Amurka, daga 2010 zuwa 2019. Raunin bututun maɗaciya mai buƙatar gyara ya faru ga kusan mutum 7 cikin 1,000 da aka yi wa aiki da mutum-mutumi, amma 2 cikin 1,000 ta tiyatar huji da aka saba. Wannan rauni ba ƙaramin abu ba ne. Bututun siriri ne, yana kwance dab da inda ake yanka. In aka datse shi, maɗaciya ta zuba cikin ciki, idanu su yi ɗorawa, wanda ya zo don 'yar tsakuwa a matsarmama ya koma neman babbar tiyatar haɗa bututu da hanji. Ga kuma tsada, domin kuɗin na'urar kaɗai ya kai wajen dala miliyan 2.

Masu goyon bayanta suna da magana mai nauyi. Sun ce a farkon shekarun 1990 ita ma tiyatar huji ta ƙara yawan irin wannan rauni kafin hannun likitoci ya faɗa, kuma ba a jefar da ita ba. Gaskiya ne. Sai dai a wancan lokaci majinyacin da ya ɗauki haɗarin yana samun lada a jikinsa: ya tsira daga doguwar tsaga ƙarƙashin haƙarƙari. Yau me yake samu? Yawancin ribar tana wajen likita, wanda ya huta da ciwon baya kuma yake horar da hannunsa don manyan ayyuka irin na mafitsara, da wajen asibiti mai son mayar da kuɗinsa. Malaman fiƙihu sun gabatar da kawar da ɓarna a kan jawo amfani, balle in amfanin na wani ne, ɓarnar ta wani.

Ban ce a rufe na'urar a ɗaki ba; akwai ayyukan da ta dace da su, kuma mai yiwuwa ƙwarewa ta rage wannan rata. Amma jikin da aka yi wa allurar barci amana ce, mai shi ba ya iya cewa a dakata. Don haka kafin ya sa hannu a takarda, haƙƙinsa ne likita ya gaya masa sau nawa ya yi wannan aiki da mutum-mutumi, abin da alƙaluma suka nuna, da kuma cewa tiyatar huji da aka saba tana nan in ya fi son ta.