Ƙwayar kare da ƙwayar kawu

Hutun bara a Yamai na yi shi, wurin kawuna da ke gadin wani gida. Maigidan ɗan ƙasa ne kamar ni da kai, ba annasara ba, kuma yana da wani ɗan ƙaramin kare, tsoho, mai ciwon zuciya. Ba irin ciwon zuciyar da muke nufi in an ɓata wa mutum rai ba. Hausa ta haɗa baƙin ciki da cutar tsoka cikin suna guda, amma wannan maganar wata rana ce. Shi wannan, ɗan ƙyauren da ke tsakanin ɗakunan hagu na zuciyarsa ne ya saki, ba ya rufuwa da kyau. Jini sai ya riƙa komawa baya, zuciya ta faɗaɗa, ruwa ya taru a huhu, dare ya yi ya kama tari. Cuta ce da aka sani ga ƙananan karnuka in sun tsufa.

Kawu ne ke ba shi magani. Akwai pimobendan, safe da yamma, wajen awa guda kafin abinci, mai ƙara wa zuciya ƙarfin bugu da buɗe hanyoyin jini. Akwai kuma furosemide, mai fitar da ruwa ta fitsari. Da na ga kwalin na biyun sai gabana ya faɗi, don na san shi: yana cikin ordonans ɗin kawu kansa, wanda tansiyo ta daɗe tana wahalarwa har ƙafafunsa na kumbura. Magani ɗaya, awo ne kawai ya bambanta. Na karen bai taɓa yankewa ba. Na kawu kuwa, in wata ya yi nisa, sai a bar wa Allah.

Wallahi na yi fushi. Kuma har yanzu ban ce fushin banza ne ba.

Sai dai da na zauna da shi, na ga ba kan kare ya dace ya sauka ba. A hana karen ƙwayarsa yau, ba za ta yi ƙafa ta taka zuwa bakin kawu ba; kuɗin zai tafi man mota ne ko sabuwar salula, ba wanda zai ɗaga murya. Me ya sa ba ma jin haushin salular sai na maganin? Ina jin don kalmar kare ce. A bakinmu zagi ce, har muna da karin maganar da ke cewa sabo da maza jari ne, na kare kuwa ba mu ajiye masa komai ba sai jifa. Alhali makiyayin Azawak, can arewacin Tawa, ya san darajar karensa, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne.

Ga wani abu kuma: waɗannan magunguna ba sa warkarwa, lokaci suke saye. Wani bincike da aka buga a 2016, kan karnuka 360 da zuciyarsu ta fara faɗaɗa, ya nuna pimobendan na jinkirta gazawar zuciya da wajen wata 15. Kyanwa ita tata cutar daban ce: bangon zuciya ke kauri, jini ya daskare, gudan ya gangara ya toshe jijiyar ƙafafun baya, a wayi gari tana jan gindi tana kuka. Don hana haka ake ba ta clopidogrel, shi ma maganin mutane ne. To wata 15 ɗin nan, don wa? Dabba ba ta san gobe ba, ba ta da ɗiyar da take son ganin aurenta. Abin da ta sani shi ne yanzu: numfashi na shiga ko ba ya shiga. In maganin na sauƙaƙa mata wannan, jinƙai ne. In kuwa ana jan ranta ne don maigida bai shirya rabuwa ba, ga furosemide na matse ƙoda cikin zafin Afrilu, to kansa yake jinya, ba ita ba.

Wani dare na iske kawu tsugune da fitila, yana kallon haƙarƙarin karen yana motsa leɓe. Likitan dabbobi ya koya masa ƙirga numfashi in karen na barci: in ya wuce 30 a minti, ruwa ya fara dawowa. Na ce, "Kawu, kai da ba ka sha naka ba, kake tsaron na kare?"

Ya ce, "Ɗana, ni ina da baki. Shi ba shi da."

Maganar ta yi mini daɗi a lokacin, har na rubuta ta. Daga baya ne ta fara damuna. A aji ana koya mana cewa harshe ne ya raba mu da dabba, da shi muke faɗin abin da ke ciki. Amma karen nan, da ba shi da kalma ko ɗaya, tarinsa ya isa kunnen maigida har cikin ɗaki mai sanyi. Kawu mai Hausa da Zabarmanci da ɗan Faransanci, shekara nawa yana buɗe ƙofa yana "a sauka lafiya", bai taɓa cewa ƙafata ta kumbura ba. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Haba, da girmana? Abin da munka yi da shi albashi ne, kuma yana biya." Kunya ke nan. Kare ba shi da ita, shi ya sa ake jin sa. Shi ma maigidan ba zan wanke shi ba: idon da ya iya lura da tarin dare ya isa ya ga mutumin da ya daina sa takalmi.

Ranar da zan koma Maraɗi maigidan ya tsaya da mota a bakin ƙofa, ya tambaye ni karatu, ya miƙo mini jikka biyar na hanya. Ordonans ɗin kawu na cikin aljihuna, na ɗauko ta tun safe da niyyar nuna masa. Na karɓi kuɗin da hannu biyu, na ce Allah ya saka da alheri, ya ja gilas ya wuce.