Dokar Ohm tsakanin hukuncin hankali da hukuncin al'ada

Abubuwa biyu mai gyaran wuta ke aunawa da mitarsa: matsin lantarki, wanda ake ƙidayawa da bolt, da kwararar lantarki, wadda ake ƙidayawa da amfiya. Daga waɗannan biyun ake fitar da sauran. Idan aka raba matsi da kwarara, a sami turjiyar waya, da ma'aunin om. Idan aka ninka su, a sami ƙarfin da na'ura ke ci, da ma'aunin wat. Ƙwan fitilar da ke jan amfiya 2 daga batirin mota mai bolt 12 turjiyarsa om 6 ce, ƙarfinsa kuma wat 24. Lissafin bai wuce na ɗan firamare ba, amma yana ɗauke da tambayar da malaman tauhidi suka daɗe suna yi: shin dole ne abin ya kasance haka, ko kuwa haka dai aka saba ganinsa?

Shehu Muhammad ɗan Yusuf Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya kasa hukunci gida uku a karatun aƙidarsa, wanda almajiran zaure a ƙasar Hausa suka sani ta littafin Ummul Barahin: na shari'a, na hankali, da na al'ada. Hukuncin hankali ba ya jiran gwaji, kamar kasancewar biyu ta fi ɗaya. Hukuncin al'ada kuwa daga maimaituwar gani yake samuwa, kuma saɓa masa ba ya rushe hankali. Lissafin lantarki ya ƙunshi biyun nan na ƙarshe a cakuɗe, littattafan makaranta kuma ba kasafai suke rarrabe su ba.

Lissafin wat na hankali ne tsantsa. Bolt ɗaya shi ne kuzarin jul ɗaya ga kowane kulom na cajin lantarki, amfiya ɗaya kuma kulom ɗaya ce a daƙiƙa. Idan aka ninka su, kulom ya fita, a bar jul a daƙiƙa, wato wat. A kwarara mai bin hanya ɗaya, irin ta batir, babu gwajin da zai ƙaryata wannan, domin daga ma'anar ma'aunan ya fito. Haka ma raba matsi da kwarara: kowace na'ura aka auna, a kowane lokaci, za a sami wata lamba da za a kira turjiya.

Abin da Georg Simon Ohm, malamin makaranta Bajamushe, ya wallafa a 1827 ya wuce nan. Da'awarsa ita ce lambar ba ta canzawa: a ninka matsi sau biyu a kan waya ɗaya, kwarara ma ta ninku sau biyu. Wannan ba a san shi da tunani, sai da auno. Ohm ya gwada wayoyi masu tsawo daban-daban kafin ya faɗa, masanan ƙasarsa kuma suka yi masa riƙon sakainar kashi, har sai da Ƙungiyar Masana ta Ingila ta ba shi lambar Copley a 1841.

Dokar tana da iyaka. Turjiyar jan ƙarfe na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri na zafi. Ƙwan fitila mai zare na wat 60 a kan bolt 230 turjiyarsa kusan om 880 ce yana ci, amma idan aka auna shi a sanyaye ba ta kai om 100 ba. Dayod, wadda ke cikin kowace cajar waya, tana barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya ta tare ta ta ɗayan. A 1911 kuma Kamerlingh Onnes ya sanyaya zaiba a Leiden zuwa kusan digiri 269 ƙasa da sifili, turjiyarta ta ɓace baki ɗaya.

A kan hukuncin al'ada, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kafa misali da wuta da auduga a Tahafutul Falasifa. A ganinsa ido yana shaida ƙonewa a lokacin haɗuwarsu, amma ba ya shaida cewa wutar ce ta wajabta ta. Allah ne ke gudanar da al'ada a kan tsari ɗaya. Ibn Rushd ya mayar da martani cewa musun sababi musun ilimi ne, domin ana sanin abu ne ta aikin da ya keɓanta da shi. Zaibar Leiden ba ta raba gardamar ba. Ta nuna cewa abin da aka saba gani yana iya saɓawa, amma masana sun gano dalilinta a 1957, kuma duk wanda ya maimaita gwajin zai ga abu ɗaya. Ƙaramar al'ada ce ta faɗa cikin babba.

A aikace ɓangarorin biyu lissafi ɗaya suke yi. Mabiyin Gazali bai taɓa halatta riƙe tsirarar waya da sunan tawakkali ba, domin yin aiki da al'ada wajibi ne a wurinsa. Dutsen guga mai wat 1,000 a kan bolt 230 yana jan sama da amfiya 4, siririyar wayar da ba ta iya ɗaukar hakan kuma za ta yi zafi, kamar yadda James Joule ya auna a 1840. Lissafin wat yaƙini ne na hankali, dokar Ohm kuwa al'ada ce mai ƙarfi da ke aiki a ƙarafa muddin zafinsu bai canza ba.