Karatun 'Ya Mace Bayan Firamare a Ma'aunin Fiƙihu

A yawancin ƙasashen Turai da Amurka, har da ƙasashen Musulmi irin su Malesiya da Aljeriya, mata sun fi maza yawa a jami'o'i. A Afirka kudu da Sahara maza ne ke gaba. A ƙauyukan fadamar Rima, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, yarinya takan bar aji kafin ta gama sakandare, ko don talla, ko aikin shinkafa, ko don an sa mata rana.

Ilimin da mutum zai gyara ibadarsa da shi wajibi ne a kan namiji da mace, kuma babu saɓani a nan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Nurul Albab, ya soki malaman da ke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda kowace jaji ke kai karatu ga matan karkara.

Gardamar tana kan boko mai zurfi. Malamai sun sa likitanci da makamantansa cikin farillan kifaya: idan wasu suka ɗauka an sauke wa kowa, idan aka rasa mai ɗauka gari duka ya yi laifi. Magidancin da ba ya son namiji ya duba matarsa a ɗakin haihuwa yana da hujja, sai dai ungozomar da yake nema 'yar wani ce da aka bari ta gama sakandare, ta ci jarrabawar WAEC ko NECO, ta wuce makarantar jinya. A ƙa'idar usulu, abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne.

Manyan makarantu suna nan kusa da ƙauyukan fadamar Rima: Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013. Amma fargabar iyaye gaskiya ce, musamman tun da aka sace ɗalibai a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021. Kare rai da mutunci suna cikin manufofin shari'a, saboda haka kason hukuma a wannan farilla shi ne tsaro, ɗakunan kwana masu katanga, da malamai mata, kafin a nemi uba ya saki 'yarsa ta tafi makarantar kwana.