RIƘO DA ƊAURI

Kowa ya san yaro ya kan yi zazzaɓi, ya kan yi ƙyanda, ya kan karye. Abin da mutane ba su cika yarda da shi ba shi ne, hankalin yaro ma ya kan yi ciwo. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowaɗanne yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wani ciwo na hankali. Galibi ciwon a ɓoye ya ke tafiya, amma wata rana ya kan tashi gaba ɗaya kamar gobarar hunturu. Sai yaro ya kwana uku bai runtsa ba, yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, ko kuwa yarinya ta ɗauki fiya-fiya za ta sha. To, a irin wannan sa'a, ya halatta a danne yaro a hana shi abin da ya yi niyya? In ya halatta, ina iyakar?

Mu fara da gida. A cikin birnin Kano katanga ɗaya ke raba maƙwabta, in an yi ihu a wani gida duk lungu ya ji. Sabo da haka tsoro biyu ke kama uba. Na fari, kada ɗansa ya hallaka. Na biyu, kada a ce akwai hauka a gidan, har 'yan'uwan yaron mata su rasa masu neman aure. Tsoro na fari shi ke kai yaro asibiti, na biyun kuwa shi ke haifar da mari.

Mun ga inda mari ke kai mutane. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara ne, waɗansu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba aka sami irinsa a Daura, a cikin shekarar kuma Gwamnatin Kano ta ba da umurni a rufe gidajen mari. Abin da ya kamata mu tsaya a kansa shi ne, yawancin yaran nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna zaton gyara a ke yi musu.

Yanzu mu duba ma'aikacin jiyya wanda aka kawo wa irin wannan yaro da tsakar dare, ko a Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, ko a Asibitin Malam Aminu Kano, ko a asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. In ya san aikinsa, zai fara rage taron jama'a, ya kau da wuƙa da igiya da kwalabar magani. Sa'an nan ya zauna, ya sassauta murya, ya kira yaron da sunansa, ya ce, "Ɗana, me ke damunka?" Zai duba ko da zazzaɓi, domin zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau su kan rikita hankali. Zai tambaya ko yaron ya sha ƙwaya ko kodin, maganin tarin nan da Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a 2018. Zai kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, gama likitoci sun gano tambayar ba ta sa wa mutum wannan tunani.

Duk da haka, wata rana magana ba ta isa. Yaro na buga kansa da bango, dole a riƙe shi, watakila har likita ya yi masa allura. Wani zai ce, "Ashe ku ma kuna danne shi. Me ya raba ku da mai mari?"

Abu uku ya raba su. Na ɗaya, dalili. Riƙo domin ran yaron a ke yinsa, ko ran wanda zai ji wa ciwo, ɗauri kuwa domin manya su huta ne, ko su rufa wa kansu asiri. Na biyu, lokaci. Mai riƙo tun da ya sa hannu ya ke neman sa'ar da zai saki, mai ɗauri kuwa ya kan jefa mabuɗi aljihu ya tafi kasuwa. Na uku, zama. Wanda aka riƙe akwai mai zama kusa da shi, yana duba numfashinsa, yana yi masa magana, wanda aka ɗaure kuwa shi da bango ne. Malamanmu sun nuna shari'a ba ta kama yaro da laifi yadda ta ke kama baligi, haka nan wanda hankalinsa ya gushe. Wanda ya haɗa biyun fa, da wane dalili za a yi masa horo?

Amma kada mu yi saurin zagin uban da ya ɗaure ɗansa. Sau da yawa talaka ne, in bai fita Kasuwar Kurmi ba ba a ɗora tukunya, magani da tsada, Dawanau kuwa can bayan gari ta ke a hanyar Katsina. Ya ɗaure ne yana hawaye. Ashe laifin bai tsaya a kansa ba, ya hau kan dangi da maƙwabta da suka bar shi shi kaɗai, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya gwada wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta ta ƙasar Yarbawa. Ya saukar da majiyyata a gidajen mutanen ƙauye, kowa tare da ɗan'uwansa, da rana su je asibiti, da dare su kwana cikin jama'a. Dabarar ta yi suna a duniya, domin ta nuna zama cikin mutane shi ma magani ne. A watan Janairu na 2023 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi haƙƙin majiyyaci. Amma doka ba ta shiga lungu da ƙafarta, sai mutane sun kai ta.

Sabo da haka, ya kai mai karatu, in ka ji irin wannan ihu a gidan maƙwabcinka, kada ka tsaya leƙe ta kan katanga. Yi sallama ka shiga, ka taya shi kai yaron asibiti, in an sallamo shi ku karɓa wa juna zama da shi, ka kuma kame bakinka. Addu'a ba ta hana magani, magani ba ya hana addu'a. Ɗa na kowa ne. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu jiyyarsu haƙuri, amin.