Hutun hunturu a ƙasar Samudawa: ya halatta Musulmi ya je Al-Ula shaƙatawa?

Da zarar Disamba ta kama makarantu suka yi hutu, iyalai da dama daga Kano, Kaduna, Yamai da Maraɗi sukan haɗa kaya su nufi Umra. Lokaci ne mai daɗi a Hijaz, domin zafin da ke gasa mutum a watan Yuli ya sauka. Tun da Saudiyya ta buɗe ƙofa ga masu yawon buɗe ido a Satumbar 2019, kuma daga baya ta ba mai bizar Umra damar zagaya sauran biranenta, wani suna ya fara shiga hirar masu ziyarar Madina: Al-Ula, kwari mai dabino da jajayen duwatsu, sama da kilomita 300 arewa da birnin Manzo.

Wurin yana da abin kallo. Akwai tsohon garin laka da mutanensa suka tashi daga cikinsa a shekarun 1980, da kufan birnin Dadan, da dutsen da iska ta sassaƙa har ya yi kama da giwa. Akwai Maraya, zauren taro da aka lulluɓe da madubi, yana haska hamadar da ke kewaye da shi. Tun Disambar 2018 ake yin bikin hunturu na Tantora, wanda ya ci sunan wani agogon rana da manoman garin ke duba inuwarsa su san shigar sanyi. Da rana iska na kaɗawa a hankali, da dare sai an nemi bargo.

Amma abin da ya fi jan baƙi yana kimanin kilomita 20 arewa da garin. Shi ne Al-Hijr, ko Mada'in Salihu, wuri na farko a Saudiyya da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin kayan tarihin duniya, a 2008. Manyan kaburbura 111 ne aka fafe a jikin duwatsu, 94 daga ciki da ado a fuskarsu. A nan ne mai imani yakan ja birki, domin ya san sunan tun yana makarantar allo. Sura ta 15 a Alƙur'ani sunanta ke nan, kuma ta ba da labarin mutanen da suka sassaƙa gidaje a duwatsu suna ganin sun tsira, har tsawa ta same su da asuba. Su ne Samudawa, waɗanda suka ƙaryata Annabi Salihu (AS) suka soke taguwar da aka ba su aya.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar abin da ya faru sa'ad da rundunar Tabuka ta biyo ta nan a shekara ta 9 bayan Hijira. Manzon Allah (SAW) ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen da aka yi wa azaba sai dai suna kuka, don gudun kada abin da ya same su ya shafe su. Ya rufe kansa, ya zaburi abin hawansa har ya fita kwarin. Waɗanda suka ɗebi ruwan rijiyoyin wurin aka ce su zubar, garin da suka kwaɓa da shi kuma su bai wa raƙuma, su kuma su sha daga rijiyar da taguwar ke sha. Wannan tarbiyya ta daɗe a jikin alhazan Sham. Ibn Baɗuɗa, da ya bi ayarinsu a 1326, ya ba da labarin yadda suke wuce rijiyar Hijr ba su sha ba duk da ƙishirwa.

Ga kuma wani umarni da ake ganin kamar ya yi karo da wannan. A wurare da dama, kamar surorin Ali Imrana, An'am da Rum, Alƙur'ani ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Yaya mutum zai duba abin da aka hana shi kusanta?

Malamai sun warware wannan tun da jimawa. Hadisin bai rufe ƙofa ba, sharaɗi ya gindaya. Ibn Hajar, a sharhinsa na Bukhari, ya nuna cewa kukan yana fitowa ne daga tunani: wanda ya tsaya gaban gidajen mutanen da Allah Ya ba ƙarfi da tsawon rai, ya tuna yadda suka ƙare, dole zuciyarsa ta motsa. Wanda ya wuce bai ji komai ba ya yi kama da su a gafala, kuma gafalar ce ta halaka su. A kan wannan ne malaman baya-bayan nan, irin su Shaikh Ibn Usaimin, suka bambanta zuwa don ɗaukar izina, wanda suka halatta, da zuwa don nishaɗi da sha'awar gine-gine, wanda suka hana. Duk alhajin da ya taɓa jin an ce a ɗaga ƙafa a kwarin Muhassir, tsakanin Muzdalifa da Mina, ya san cewa a Musulunci akwai wuraren da ba a zaman hira a cikinsu.

Masu binciken kufai sun kawo nasu bayanin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Rubuce-rubucen da ke saman ƙofofin suna ɗauke da sunayen masu kaburburan da shekarun da aka sassaƙa su, kuma mafi yawansu na ƙarni na farko ne na miladiyya. Aikin Nabatawa ne, 'yan kasuwar turare da suka gina Petra a Jodan ta yau, waɗanda Rumawa suka haɗiye daularsu a shekarar 106. Ke nan sun zo ne can bayan zamanin Annabi Salihu, kuma makwancin matattu suka fafe. Wasu na kafa hujja da wannan su ce babu sauran abin ƙyama. Hujjar ba ta kai nan ba. Sa'ad da rundunar Tabuka ta wuce, kaburburan Nabatawa sun fi shekara 500 a tsaye, amma hukuncin ya hau kan ƙasar da rijiyoyinta. Zaman wata al'umma a wuri bayan wata bai goge abin da ya auku a cikinsa ba. Ko da ma an ajiye zancen Samudawa gefe, maƙabarta ce, kuma Musulmi ya san ladabin shiga maƙabarta.

Abin da ke damun mai lura shi ne yadda kasuwa ke sauya ma'anar wuri. A 2021 mawaƙin Italiya Andrea Bocelli ya yi wasa a tsakiyar kaburburan, kuma ana shirya yawon dare cikin fitilu. Baƙo yakan juya wa Ƙasr al-Farid baya, wato kabarin nan da ke tsaye shi kaɗai a dutse guda, ya yi murmushi ya ɗauki hoto ya tura Instagram. Masu sassaƙa dutsen ma abin da suka nema ke nan: a gan su, a san da zamansu. Mai hoton ya maimaita halinsu a ƙofar kabarinsu bai sani ba.

Wannan bai sa hutu ya zama laifi ba. Jiki yana da haƙƙi, iyali ma haka, kuma kwarin Al-Ula ya fi Hijr faɗi nesa ba kusa ba. Ayarin alhazai kansu sukan yada zango a garin Al-Ula su yi wanki su sayi guzuri. Babu nassin da ya hana zama a inuwar dabinonsa, ko cin lemonsa da ke nuna a hunturu, ko kallon taurari a hamadarsa.

Saboda haka iyalin da suka gama Umra suna son ƙarasawa arewa suna da hanya a buɗe. Su sauka a garin, su huta a gonakinsa. In za su shiga Hijr, su shiga da rana, su karanta wa yara labarin Annabi Salihu tun a mota, su taƙaita tsayuwa, kada su ci abinci ko su kwana a ciki, kada su halarci kiɗa a tsakanin kaburbura. Wanda kuma ya san zuciyarsa hoto kawai take nema, ya fi masa alheri ya ƙara kwanakin nan a Madina.