FILIN ADDINI: Bashin Da A Ke Biya Wata-Wata

 

Ma'aikata da yawa su kan ci bashin banki don gina gida ko sayen mota, a riƙa yanka daga albashinsu kowane wata. Galibinsu abu guda su ke tambaya, watau nawa za a riƙa yanka. Ba su tambayar inda kuɗin ke tafiya, alhali kuwa nan maganar ta ke.

Abin da mutum ke biya kowane wata kashi biyu ne a haɗe: ruwa, da ragin uwar kuɗi. Banki ya kan fara cire ruwansa bisa abin da ya rage a wuyan mutum, sa'an nan saura ya shiga uwar kuɗi. Mu ɗauka wani ya karɓi N1,000,000 a kan ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, zai biya cikin shekara 20. Kowane wata zai ba da kimanin N11,011. A watan farko N10,000 ruwa ne tsantsa, N1,011 kaɗai ke rage bashin. Bayan shekara 10 ya zuba fiye da N1,320,000, amma har yanzu ana bin sa kimanin N767,000. Ran da ya gama, ya biya fiye da N2,640,000. Ga shi bai taɓa saɓa alkawari ko wata guda ba!

Lissafin kansa ba shi da laifi. Akawu ma haka ya kan raba kuɗin wata kadara bisa shekarun da za a yi ana amfani da ita, ba mai cewa ya yi haramun. Biyan bashi kaɗan-kaɗan kuma halal ne. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan bashi ta sauka, ta umurci a rubuta shi da ajalinsa, a kafa shaidu. Inda ɓarna ta ke shi ne wancan ƙarin da ke haihuwa a kan kuɗi don lokaci ya wuce. Wannan ita ce riba, wadda ayoyi na 275 zuwa 279 na surar suka haramta, suka bar wa mai bin bashi uwar kuɗinsa kaɗai.

To, wani zai ce, ai ɗan kasuwa ma ya kan sayar da keken ɗinki da tsada in bashi ne. Gaskiya ne, kuma tambaya ce mai kyau. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1990, ta halatta ƙara farashi a cinikin ajali, da sharaɗin a yanke farashi guda tun wurin ƙulla ciniki, kada kuma a ƙara ko kwabo in mai saye ya makara. A zaman nan ne kuma ta haramta takardun lamuni masu ruwa. Bisa irin wannan ciniki, da a ke kira murabaha, bankin Jaiz ke sayar wa mutane kaya tun da ya fara aiki a 2012. A 2017 kuwa Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na Naira biliyan 100 don gyaran hanyoyi.

Amma kada sunan Larabci ya ruɗe ka. Ka tambaya: shin bankin ya mallaki motar kafin ya sayar maka? In ka makara, ina tarar ke zuwa? In kuɗi kawai aka miƙa maka, aka ce ka mayar da ƙari, ko wane suna aka sa masa, riba ce.

Wanda ya riga ya shiga, sai ya tuba, ya nemi takardar jadawalin biyansa ya duba. In yarjejeniyar ta yarda, duk abin da ya ƙara a kan uwar kuɗi da wuri ya kan rage ruwan gaba. Kada kuma ya ce zai ƙi biya. Ya tabbata a Buhari cewa an kawo wa Manzon Allah (S.A.W.) gawar wani mai bashi, bai sallace ta ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba zakkar wanda a ke bi bashi.